Hedifon mai kashe ƙara: mai tsada ne ya fi daɗin sauti, ko suna ake saya?

"Assalamu alaikum Malam. Ina aikin kwamfuta daga gida a Kaduna, janaretan maƙwabcina kuma a jikin tagata yake, ga hayaniyar yara da yamma. Ina so in sayi hedifon na bulutut mai kashe ƙara. Na ga na Sony da Bose da Apple kuɗinsu ya ninka na Soundcore sau huɗu ko biyar. Shin daɗin sautinsu ya kai haka, ko suna kawai ake saya? Wayata Samsung ce, abin da na fi saurare karatun Alƙur'ani ne da darussa, sai waƙa jefi-jefi."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu uku ka haɗa a tambaya ɗaya: yadda hedifon yake danne ƙarar waje, yadda yake fitar da sauti, da ko ya ci kuɗinsa. Ukun nan ba tare suke tafiya ba, kuma a nan ne yawancin masu saye suke yin asara. Amsar a taƙaice ita ce a'a, daɗin sautin bai ninka yadda kuɗin ya ninka ba. Ƙarin kuɗin da za ka zuba, akasarinsa shiru yake saya maka, da rashin ciwon kai bayan ka daɗe da shi a kunne, da makirfo mai kyau idan ana waya. Ko kana bukatar waɗannan har ka biya wannan kuɗin, irin ƙarar da ke damunka ce za ta nuna.

Abin da yake iya kashewa da abin da ya gagare shi

A jikin kowane kofin kunne akwai ƙananan makirfo. Wasu suna waje suna ɗaukar ƙarar da ke tahowa, a wasu hedifon ɗin kuma akwai na ciki masu jin abin da ya kai ga kunnenka. Wata 'yar na'ura tana karɓar wannan ƙarar, ta ƙirƙiri kishiyarta daidai wa daida, ta tura wa sifika. Inda iska ta turo, kishiyar ta ja baya, inda ta ja baya, kishiyar ta turo, sai su cinye juna, tamkar ka kwashi ƙasar tudu ka cike ramin da ke kusa da shi. Dabarar tsohuwa ce. Wani Bajamushe, Paul Lueg, ya yi mata rajista tun 1936, kamfanin Bose ya fitar da hedifon mai wannan dabara na matuƙa jirgin sama a 1989, sannan QuietComfort na farko ya fito wa kowa da kowa a 2000.

Matsalar lokaci ce. Dole kishiyar ta iso kunne a daidai lokacin da ƙarar ta iso, in ba haka ba maimakon ta rage sai ta ƙara. Ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa tana da sauƙin cim ma. Ƙaramin janareta yana juyawa sau 3000 a minti domin ya ba da wutar 50 Hz, wato mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, gurnaninsa kuma yana nan ƙasa-ƙasa, iri ɗaya daga safe har dare. Wannan shi ne abincin hedifon ɗin. Haka rurin jirgin sama, da injin bas, da fanka, da na'urar sanyaya ɗaki. Amma da zarar sauti ya siranta ya haura wajen 1000 Hz, ƙarfin dabarar yakan ragu sosai. Muryar yaro, kukan jariri, hon ɗin adaidaita sahu, ƙarar kwano da ya faɗi a tsakar gida, duk suna sama kuma ba sa sallama kafin su zo. Abin da yake tare waɗannan shi ne soson da ya rufe kunne da kaurin kofin, ba na'urar ba.

Wato a gidanka, matsalar janareta hedifon na matsakaicin kuɗi zai ɗauke mafi yawanta. Gurnanin zai tafi, 'yar ƙarar ƙarfe da salansa mai kaɗawa suke yi za ta rage ka ji ta can nesa. Yara kuwa, ko nawa ka kashe za ka ji su. Mai tsada zai mayar da muryarsu kamar daga bayan gida take zuwa, mai araha zai bar ta kusa, idan kuma ka kunna karatu a hankali sai ya rufe saura. Duk wanda ya ce maka akwai wanda zai sa ka daina jin mutane gaba ɗaya, kayansa yake son sayarwa.

Tunda soso ne rabin aikin, duk abin da ya shiga tsakaninsa da fata ɓarna yake yi. Hannun tabarau mai kauri, bakin hula idan ta sauko kan kunne, ɗankwali ko hijabi, gashi mai yawa, kowannensu yana buɗe 'yar kafa. Ta kafar nan duma, wato sauti mai kauri na ƙasa-ƙasa, take zurarewa, ƙarar waje kuma ta shigo. Mutum biyu za su sa hedifon ɗaya, ɗaya ya ce ya yi, ɗaya ya ce banza ne, alhali bambancin tabarau ne kawai.

Ka kuma lura da rubutun kwali. ANC shi ne abin da muke magana a kai. ENC wani abu ne daban: yana tace muryarka ne domin wanda kuke waya da shi, kai ba abin da zai rage maka. Hedifon masu araha da yawa ENC suke da shi, a rubuta da manyan haruffa cewa suna kashe hayaniya, mutum ya kai gida ya tarar janareta yana nan daram. Nemi ANC, in son samu ne mai makirfo ciki da waje, wanda ake rubuta wa Hybrid.

Daɗin sauti

A 2017 wani mai bincike, Jeroen Breebaart, ya duba awon hedifon 283, ya tarar kusan babu alaƙa tsakanin farashi da yadda hedifon yake daidaita sauti daga kauri zuwa siranta. Wannan ba yana nufin duk ɗaya suke ba. Yana nufin kuɗi ba ma'auni ba ne. Abin da kunne ya fi kamawa shi ne yadda kamfani ya raba ƙarfi tsakanin duma, da tsakiya inda murya take, da kaifin sama. Wannan rabon kuwa zaɓi ne, ba tsada ba.

Ga mai sauraren karatu da darasi, tsakiya ce komai. Hedifon da aka cika wa duma yakan burge a minti biyun farko a shago, amma dumar takan hau kan murya, sai ka ji mai karatu kamar yana magana da mayafi a baki. Wanda aka cika wa kaifi kuma, harufa irin su s da sh da ts za su riƙa sukar kunne, bayan awa ɗaya ka gaji ba ka san dalili ba. Sony ya fi karkata ga duma. Bose QuietComfort 45 ya fi karkata ga kaifi. Soundcore yakan ɗaga duka biyun ya bar tsakiya a baya, wanda shi ne salon da ke saurin jan hankalin mai saye. Sennheiser Momentum 4, a kunnena, shi ya fi su daidaito da faɗin sauti, ko da yake shi ma bai rasa duma ba.

Abin farin ciki, kusan duk suna da manhaja mai ba ka damar gyara wannan. A ta Sony, idan kana da WH-1000XM4, rage Clear Bass da mataki biyu ko uku, ka ɗan sauke layin 400, ka ɗan ɗaga na 2.5k, za ka ji murya ta fito fili. A ta Soundcore ma haka ne, sauke na ƙasa-ƙasa da na can sama kaɗan. Gyaran minti biyar irin wannan yakan rage tazarar da ke tsakanin mai araha da mai tsada. Abin da manhaja ba ta iya gyarawa shi ne tsabtar sautin idan kayan kiɗa sun yi yawa, da wata 'yar shuuu da masu araha suke yi idan an kunna ANC a ɗaki mai shiru.

Maganar LDAC da sauransu

Bulutut ba ya iya ɗaukar sauti yadda yake, sai an matse shi. Hanyoyin matsewar su ne sunayen da kake gani a kwali. SBC kowa yana da shi, yana kaiwa 328 kbps, wanda shi ne ma'aunin yawan bayanan sautin da ake turawa a daƙiƙa. AAC shi ne na iPhone, wajen 256. LDAC na Sony ne, yana da matakai uku, 330 da 660 da 990. Sai dangin aptX na kamfanin Qualcomm. Sharaɗin shi ne wayar da hedifon su zama duk sun san hanyar, in ba haka ba su koma wadda suka yi tarayya a kai. iPhone ba ta san LDAC ko aptX ba. Samsung ɗinka ta san LDAC da aptX na asali, amma ba ta san aptX Adaptive ba, wanda Momentum 4 da Bose QuietComfort Ultra suke tallata kansu da shi.

Shawarata kada wannan ya ɗauke maka hankali. Darasin da aka naɗa da waya a masallaci aka tura ta WhatsApp, ko bidiyon YouTube, tun daga tushe an matse su ƙasa da abin da SBC yake ɗauka. LDAC ba zai dawo da abin da aka riga aka zubar ba. Ga shi yana cin batir, a matakin 990 kuma yakan riƙa yankewa a wuri mai cunkoson wayoyi da wayfai. A XM4 ma ba za ka iya haɗa LDAC da jona na'ura biyu lokaci ɗaya ba, dole ka zaɓi ɗaya. Kai da kake aiki da kwamfuta ga waya a gefe, jona biyun ya fi maka amfani nesa ba kusa ba: kana sauraro a kwamfuta, kira ya shigo, hedifon ya koma waya da kansa.

Abu biyu kuma na bulutut ne, ba laifin wani kamfani ba. Da zarar makirfo ya fara aiki a kira ko taron Zoom, ingancin sautin da kake ji yakan faɗi warwas, domin an koma wata ƙaramar hanya. Sannan akwai 'yar jinkiri tsakanin hoto da sauti. YouTube da makamantansa suna ɓoye ta, amma mai tace bidiyo ko mai buga gem zai ji ta. Maganinta igiyar jonawa mai kan 3.5 da ke zuwa a kwalin yawancinsu.

Su waye a kasuwa

Zan ba ka farashin da suka fito da shi a dala, tunda na naira dala yake bi, na yau ba na gobe ba ne.

A ƙasa akwai Soundcore Life Q30 a wajen dala 80, da Space One na 2023 a dala 100, da Space Q45 a dala 150. Q30 da Space One suna ba da awa 40 da ANC a kunne, Q45 awa 50. Space One da Q45 suna da LDAC. Wajen danne gurnanin inji, waɗannan sun matso kusa da manya fiye da yadda farashinsu yake nunawa. Inda suke sarewa shi ne muryoyi, da iska idan ta bugi makirfo, da ingancin kira a cikin hayaniya. Sony WH-CH720N shi ma dala 150 ne, awa 35, nauyinsa giram 192 kacal. Sa shi za ka yi ka manta, sai dai ba ya naɗewa, kuma danne ƙararsa matsakaici ne.

A sama, Sony WH-1000XM4 ya fito a 2020 a dala 350, XM5 a 2022 a dala 400, XM6 a 2025 a dala 450. Duk awa 30 suke bayarwa, nauyinsu kuma wajen giram 250. XM5 ya fi XM4 kyan makirfo da danne muryoyi, amma ba ya naɗewa, jakarsa babba ce. XM6 ya dawo da naɗewa, an kuma kai makirfonsa 12. Sai dai a nawa lissafin, XM4 ne ya fi cin kuɗinsa a gidan Sony, domin farashinsa ya sauko sosai alhali aikinsa bai tsufa ba. Bose shi ne sarkin daɗin sawa: sosonsa da yadda yake zama a kai ba su da na biyu ga mai sawa yini guda. QuietComfort Ultra ya fito a 2023 a dala 429, yana sahun gaba wajen shiru, amma batirinsa awa 24 ne. Momentum 4 na 2022, dala 350, yana ba da awa 60, ya ɗan fi nauyi da giram 293, danne ƙararsa kuma bai kai na Sony da Bose ba. A inda wuta take zuwa ta tafi, awa 60 ba ƙaramin abu ba ne.

AirPods Max ka cire shi daga lissafi. Sautinsa yana da kyau, amma dala 549 ya fito da ita, nauyinsa ya kai giram 385, batirinsa awa 20, kuma yawancin saitinsa sai da iPhone ake taɓa su. Mai Samsung zai biya kuɗin abin da ba zai mora ba.

Zafi, gumi da ƙura

Masu gwajin da kake karantawa a intanet galibi a ɗaki mai sanyi suke zaune, shi ya sa ba sa maganar wannan. Soson yawancin hedifon ɗin nan an lulluɓe shi da fatar roba. A zafin Maris da Afrilu, bayan rabin awa kunne ya jiƙe. Gumi da man shafawa suna cin fatar, ta fara ɓarewa tana barin baƙin ɓurɓushi a wuyan riga, soson ya kwanta, shirun ya ragu ba ka ankara ba. Wannan bai bar mai tsada ba. Kafin ka saya, tambayi ko ana samun sosonsa na canji. Na Sony da Bose da Soundcore ana samu. Ka riƙa goge shi da tsumma mai ɗan laima bayan ka cire, kada ka sa masa turare ko sanitaiza. Kusan duk manyan hedifon ɗin nan ba a yi su don ruwa ko gumi ba, saboda haka ba na motsa jiki ba ne.

Batirin lithium zafi ne babban maƙiyinsa. Kada ka bar shi a mota a rana, kada ka bari ya mutu murus ya kwana makonni a haka. Ko an kula da shi, bayan 'yan shekaru zai fara rage riƙe caji, canza shi kuma aiki ne na mai gyara. Wannan dalili ne da ya sa nake ɗari-ɗari da kashe dala 450 a kan abin da yake da wa'adi. Wasu fawa-bank suna kashe kansu idan abin da aka jona yana jan wuta kaɗan, sai ka wayi gari hedifon bai cika ba. Lokacin hunturu kuma ƙura takan toshe 'yan ramukan makirfo, ANC ya fara wani gurnani ko fito a kunne ɗaya. Busasshen burushi mai laushi ya isa, ban da allura.

Gwaji kafin ka biya

Ko a shagon Kaduna ne, ko Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, kada ka karɓi kwali a rufe ka tafi. Sauke manhajar kamfanin tun daga gida: Sound Connect ta Sony, ko ta Bose, ko ta Soundcore. Idan manhajar ta ƙi gane hedifon ɗin, ajiye shi, komai kyan kwalin. Jabun yanzu sun iya kwali da tambari, manhaja ce take tona su.

Ni haka nake gwadawa. Ina sa shi da hulata da tabarau yadda zan sa a gida, ba tare da na kunna komai ba, in tsaya kusa da janaretan shagon. Sai in kashe ANC in kunna, in kashe in kunna. Na gaskiya za ka ji gurnanin ya nutse cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Na bogi murya ce kawai za ta ce an kunna, ba abin da zai canza. Daga nan in juya kai hagu da dama, in motsa muƙamuƙi, in ji ko soson yana ɗagawa. Sannan in kunna karatun da na sani sarai, in saurari ko muryar tana gaba ko ta lume. Kiɗan kalangu shi ma yana tona asiri: a hedifon mai kyau za ka ji hawa da saukar muryarsa da bugun makaɗi daban-daban, a wanda duma ta yi wa yawa sai ya zama dum-dum kawai. A ƙarshe in kira wani, in tambaye shi yadda yake ji na. Idan na hannu ne, duba inda kofin yake juyawa ko da tsaga, ka tabbatar kunnuwan biyu ƙarfinsu ɗaya, ka kuma cire kuɗin sabon soso daga farashin.

Ka ba shi aƙalla minti goma a kai. Wasu mutanen ANC yana sa su jin kamar kunnensu ya toshe, wasu har da jiri. Ba illa ba ce, amma wanda abin yake damunsa ba zai ji daɗin hedifon ɗin ba ko na nawa ne. Wannan da faɗin kanka da siffar kunnenka, ba mai iya auna maka su daga nesa, ni ma ban isa ba.

Wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: idan ƙarar waje ta ragu, ba ka bukatar ƙure sauti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ƙarfin sautin da babban mutum zai saurara a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma yawancin masu wuce iyakar nan ƙoƙarin rufe hayaniya ne yake kai su. Amma kada ka ɗauke shi kariyar kunne a injin niƙa ko wurin walda, ba don haka aka yi shi ba. Kada kuma ka sa shi a kan babur ko kana tsallaka titi.

A halin da ka bayyana, janareta a taga, wayar Samsung, karatu da darasi, Space One ko Q45 zai biya maka bukata, ka gyara sautinsa a manhaja, ka riƙe canjinka. Idan yaran ne suka fi janaretan damunka, ko aikinka yana da yawan taro ta kwamfuta, to ƙarin kuɗin yana da hujja: nemi XM4 sabo a farashin da ya sauko, ko XM5 idan makirfo ne kan gaba. Idan kuwa waƙar ce za ta fi yawa nan gaba, ga kuma rashin wuta, Momentum 4 ne. Duk wanda ka ɗauka, karɓi rasit, ka sa mai shago ya rubuta lambar jikin hedifon ɗin da kwanakin da ya yarda ka dawo da shi idan ya ba da matsala.